Shirun Tafinta

"Shekarun yarinyar na..."

"Huɗu da wata bakwai," in ji Tafinta.

Ma'aikaciyar asibitin da ke bayan tebur ta rubuta a fom. "Tun yaushe ta fa..."

"Wata takwas ke nan. A dangina babu mai yi, a dangin uwarta akwai kawu ɗaya. Ba ta faɗi ta bugu a ka ba, ba ta yi wani zazzaɓi mai tsanani ba, kunnuwanta kuma an gwada, lafiya lau."

Matar ta ajiye biro, ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, ko in miƙo maka fom ɗin ne ka tambayi kanka, ni in je in sha shayi?"

Ya yi dariya ya ba ta haƙuri, amma a ransa bai ga laifinsa ba. Shekara goma sha shida yana aikin tafinta a kotu, tsakanin harsuna uku, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan: mutum yana buɗe baki, shi ya riga ya hango inda maganar za ta sauka. Shaida na cikin lalube, Tafinta ya gama juya zancen ya miƙa wa alƙali. Alƙalai suna son sa, don shari'ar da yake ciki ba ta jan lokaci. Matarsa kuwa ta ce auren tafinta kamar zama da mai duba ne, ba ka isa ka ba shi labari ba. Ya sha alkawarin zai rage, amma hali zanen dutse ne.

'Yarsa na tsaye a jikin ƙafarsa, ta riƙe wandonsa da hannu ɗaya, da jan takalminta da 'yar jar jakarta a baya. Kakarta ce ta sa mata laƙabin Rediyo, don tun tana da shekara biyu in ta farka ta kama zance ba mai kashe ta sai barci. Ta yi wa kyanwa hira, ta yi wa bokitin wanka hira. Sai ga shi wata takwas da suka wuce kalmomi suka fara maƙale mata. Da farko maimaitawa take yi, kowa ya ce ƙuruciya ce, za ta bari. Daga baya sai ta buɗe baki sautin ya ƙi fita, ta runtse ido, ta buga ƙafa a ƙasa. Likitan yara ya ce in'ina ce, kuma gara a nemi taimako tun da wuri.

Ba in'inar ce kaɗai ta hana Tafinta sukuni ba. Mako uku ke nan Rediyo ba ta haɗa masa kalma biyu ba. Yakan jiyo ta a kicin tana yi wa uwarta ƙus-ƙus, yana shigowa ta yi ɗif. In ya tambaye ta abu, ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Mutumin da magana ke ciyar da shi, 'yar cikinsa ta daina yi masa magana, kuma yana tsoron in aka ƙara wata guda a haka shirun zai zame mata jiki. Abin yana cin sa fiye da yadda ya faɗa wa kowa.

Asibitin yana da likitocin magana biyu, kowace da hanyarta, aka ce su ga duka biyun su zaɓi ɗaya. Matar Tafinta malamar makaranta ce, ranar kuma ɗalibanta na jarrabawa, don haka ta ce, "Kai ne mai jin magana. Je ka jiyo su, ka zo mu zaɓa." Ya ɗauki hutun yini guda. Aka ba shi ta farko ƙarfe goma, ta biyu ƙarfe biyu.

Ta farkon matashiya ce mai fara'a, ɗakinta fes, da ƙananan kujeru masu launi da hotunan dabbobi a bango. Ta zauna a ƙaramar kujera har gwiwoyinta na neman taɓa haɓarta, ta buɗe wani akwati cike da katunan hoto. Ba ta tambayi Rediyo sunanta ba, ba ta ce ta gaishe ta ba. Ta dai ɗaga kati ɗaya ta ƙura masa ido.

"Ni kam na rasa gane wannan. Kifi ne ko tsuntsu?"

Rediyo ta waiwayi ubanta. Bakinsa ya riga ya buɗe, sai matashiyar ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ta dube shi ba. Ya haɗiye.

"Kifi," in ji Rediyo.

Haka ta fito, ba tangarɗa, da 'yar siririyar muryar nan da ya yi kewa. Kalma ɗaya tak, gaban mutumin da yake juya dubbai kafin rana ta take, amma sai da ya dafa gefen tebur.

"Wannan ta fita sumul," in ji matashiyar, ta manna mata 'yar tauraruwar takarda a bayan hannu.

Daga kalma ɗaya suka hau biyu, "babban kifi", "jirgin ruwa", daga biyu suka hau uku. Matar tana hawa da ita mataki-mataki, in ta ga ƙafar ta fara rawa sai ta sauko da ita mataki ɗaya ba tare da yarinyar ta lura ba. Sau biyu Rediyo ta yi tuntuɓe aka wuce kamar ba a ji ba. A na uku, da ta ce "mo-mo-mota", matar ta ce, "Wannan ta ɗan yi gargada, ko?" ba wani nauyi a muryarta, ta ɗauko kati na gaba. Tafinta yana kallo baki sake. Minti goma, yarinyar ba ta runtse ido ba ko sau ɗaya.

Da aka bar Rediyo tana jera katunan a ƙasa, matashiyar ta juyo gare shi.

"Ba ni zan yi aikin ba, Baba, ku ne a gida. Minti goma sha biyar kullum, da littafi ko da kati. Ku sauƙaƙa mata har maganar ta riƙa fita sumul, ku yaba mata. Sai kun yaba sau biyar kafin ku ambaci gargada sau ɗaya, shi ma a hankali. Da yamma ku ba ranar maki a wannan takardar, daga sifili zuwa tara. Duk mako ku zo mu duba tare."

"Sai ta warke?"

"Yara da yawa suna bari da kansu, sai dai ba wanda zai nuna maka waɗanne ne. Shi ya sa ba ma zaman jira. Da wannan hanyar na ga da yawa sun bari, wasu kuma ta ragu ƙwarai. Amma ba zan rantse maka ba." Ta tattaro katuna biyar ta miƙa masa. "Gwada mu gani."

Ya gyara zama, ya ɗaga kati a gaban 'yarsa. "Mene ne wannan? Kin san shi ai. A hankali, ja numfashi tukuna. Agogo ne. Ce agogo."

Rediyo ta sunkuyar da kai, ta shiga kankare gefen tauraruwar hannunta da farce.

"Ba a gaban alƙali take ba, Baba," in ji matashiyar tana murmushi. "Amma kada ka damu, abin koyo ne. Na koya wa waɗanda suka fi ka gaggawa."

Bai ji haushi ba. Takardar makin ta riga ta burge shi: ga ranaku, ga lambobi, ga abin da mutum zai kama da hannu ya ga yana sauka. Ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun gaba.

A kantin da ke bakin ƙofar asibitin ya tsaya ya sai wa Rediyo biskit da lemon kwali. Akwai mai jan kwali, akwai mai kore. Ta ɗaga yatsa, ta fara, "Ina s-s-s..."

"Ja, na sani," in ji shi, ya miƙa mata. Ta karɓa ta gyaɗa kai.

Suka zauna a benci cikin inuwa, ya kira matarsa a waya, ya dace an fita shan iska a makarantarsu.

"An gama, Malama. Na samo mana hanya. Da kunnena na ji ta ce kifi, tas. Har jirgin ruwa ta ce."

Ya ji matarsa tana jan hanci. "Alhamdu lillahi. To ta biyun fa?"

"Me ya rage? In na tafi yanzu na tarar da zaman kotu na yamma."

"An ce ka ga biyu, ka ga ɗaya ka yanke hukunci. A kotunku haka ake yi, a ji ɓangare ɗaya a tashi?"

"Ai na san abin da za ta..."

"Ka sani mana, kai da ka san ƙarshen magana tun ba a haife ta ba. Baban Rediyo, don Allah je ka gani. An kaɗa ƙararrawa, sai ka zo."

Ya mai da wayar aljihu yana gunaguni. Rediyo ta tsotsi lemon sau biyu ta ajiye shi a gefe.

Ta biyun dattijuwa ce, gajeriya, tana ɗan ɗingishi. A ɗakinta babu kati, babu hoto a bango. Kafet ne a shimfiɗe, da kwandon kayan wasa, da ƙaramin tebur a lungu, sai wata kyamara a kan ƙafafu uku tana kallon ƙasa. Ta gaishe shi, kowace kalma sai ta sauka ta huta kafin 'yar uwarta ta biyo. Tafinta ya ji ƙafarsa na kaɗawa.

"Ku zauna a kafet ku yi wasa," in ji ta. "Minti biyar, yadda kuke yi a gida. Ni ba na nan."

"Wasa kawai?"

"Wasa kawai."

Ya tuɓe takalmi yana cewa a ransa yau ya ga ikon Allah, ya bar aikin gwamnati ya zo tura mota a kafet. Amma shi ba ya aiki rabi-rabi. Ya zazzage kwandon, ya jera motoci, ya gina gada da katakai, ya kawo 'yar tsana ya ɗora ta a kai. Ya yi ta jan Rediyo da zance don dattijuwar ta ga uban da ya damu da 'yarsa. Can tayar wata mota ta ɓalle ta gangara ƙarƙashin kujera, ya bi ta da rarrafe ya zaro ta. Yana mayar da ita aka ce lokaci ya yi.

Dattijuwar ta zaunar da Rediyo a teburin lungu da takarda da fensiran launi. Ta jawo kwamfuta, ta sa Tafinta ya zauna ya ba yarinyar baya.

"Za mu kalla sau biyu. Na farko ba murya. Ni ba zan ce komai ba, kai za ka faɗa mini abin da ka gani."

Hoton ya tashi. Ga wani mutum mai sanƙo a kafet, wanda Tafinta bai san sanƙonsa ya kai haka ba, bakinsa yana motsi. Yana ɗaukar mota bakin na motsi, yana ajiyewa bakin na motsi. Gefensa wata 'yar yarinya ta buɗe baki, leɓunanta suka haɗu suna rawa, kafin su rabu mutumin ya riga ya sunkuyo yana faɗin wani abu. Ta rufe bakin, ta gyaɗa kai. Ta sake buɗewa, ya sake sunkuyowa, ta sake gyaɗa kai.

A na huɗu ya ce, "Tsaya. Mai da shi baya kaɗan."

Ta mayar. Ya matso da fuska jikin gilashin. Yarinyar tana gyaɗa kan ne tun mutumin bai gama magana ba, idonta na wani wuri.

Ya san wannan gyaɗa kan. A kotu, in lauya ya wahalar da shaida har ya gaji, haka yake yi, ko me aka ce ya amsa don a sallame shi ya tafi gida. Tafinta da bakinsa ya sha miƙewa ya ce, "Ya mai shari'a, wannan ba amincewa ba ce, gajiya ce." Har ƙananan tafintoci yana koya musu yadda ake gane ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

"Me ka gani?" in ji dattijuwar.

"Sa muryar," ya ce.

Ta miƙa masa abin ji na kunne. Muryarsa ta cika masa kai. Wace mota ce wannan? Ina za ta? Wa ke tuƙa ta? Gada ce wannan ko gida? Gada ce, ko? Ba da niyya ba ya kama ƙirgawa da yatsu, ya samu tambaya ashirin da shida cikin minti huɗu, kuma duk shi ya amsa abinsa. Ya ga Rediyo ta miƙa hannu wajen motocin ta ce, "Ina s-s-s...", ya ji kansa ya ce, "Ja kike so, ungo."

Sannan tayar ta ɓalle, mutumin ya cusa kai ƙarƙashin kujera yana mita shi kaɗai. Yarinyar ta dubi bayansa. Ta jawo 'yar tsanar kusa da bakinta, daidai saitin kyamara.

"Ni..." ta ce. Leɓunanta suka buɗe, harshenta ya kafe a can ciki. "K... k..."

Tafinta mutum ne da ya saba auna magana da daƙiƙa, idonsa ya sauka kan lambobin da ke gudu a ƙasan hoton. Uku. Biyar. Haɓarta na rawa, jijiyar wuyanta ta tashi, hannunta ya damƙe ƙafar 'yar tsanar har yatsun suka yi fari. Takwas. Ba ta runtse ido ba, ba ta saki kalmar ta ɗauki wata mai sauƙi ba. Ta ja numfashi ta koma mata. Goma sha ɗaya.

"K-kore nake so. B-baba bai s-s-sani ba."

Ta ɗauki koriyar motar, ta shafa ta sau ɗaya, ta ajiye ta inda take kafin mutumin ya fito da taya a hannu yana murna.

Tafinta ya cire abin jin a hankali. Ya ga ƙarti sun durƙushe a akwatin shaida, ya ga masu digiri sun rasa bakin magana gaban lauya, amma bai taɓa ganin mahaluƙi ya yi kokawa da kalma ɗaya haka ya kuma kayar da ita ba. Daƙiƙa goma sha ɗaya, yarinyar da ba ta kai tsawon tebur ba. Kunya ta kama shi, amma abin da ya fi kunyar ƙarfi a ƙirjinsa girmamawa ce, irin wadda mutum ke ji gaban abin da ya fi ƙarfinsa. Ashe haka take yi kullum a cikin gidansa, sau nawa a rana Allah kaɗai ya sani, shi kuma yana zuwa a daƙiƙa ta biyu ya fizge mata. Ya waiwaya. Tana can lungu da jan takalminta da jar jakarta, ta duƙufa tana zane da koren fensir.

"Hajiya," ya ce, "ni na jawo mata in'inar?"

"A'a. Cire wannan daga ranka tun yanzu. Da saurin bakin iyaye ke kawo ta, da babu ɗan ɗan kasuwar da zai tsira. Da ita take zuwa, sau da yawa a jini. Ba kai ka haƙa ramin ba. Amma kana iya faɗaɗa mata hanya ta samu wurin ratsewa."

"Ta yaya?"

"Minti biyar, sau biyar a mako. Ita za ta zaɓi wasan, kai ka bi ta. Ba tambaya. In ta yi magana, ka ƙirga biyu a ranka kafin ka amsa. In ta maƙale, ka dubi idonta, kada ka dubi bakinta, ka jira. Ba za ka ce mata komai game da maganarta ba. Duk mako ka zo mu ɗauke ka a hoto mu ga yadda kake ci gaba."

"Yadda nake ci gaba."

"Kai fa."

Ya zaro takardar makin daga aljihu ya buɗe ta a gwiwarsa. "Ki faɗa mini gaskiya. Tsakanin taki da ta waccan, wacce ta fi?"

Dattijuwar ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Waɗanda suka zauna suka auna sun ce kusan kunnen doki ne. Ita tana kama maganar kai tsaye, ni ina gyara wurin da maganar ke fitowa. Yarinyar nan gwana ce a aikinta. In mun yi mako shida ban ga sauyi ba, ni da kaina zan raka ku ɗakinta, ita ma tana turo mini nata. Abin da za ku tambayi kanku, kai da maiɗakinka, shi ne wacce gidanku zai iya ɗauka kullum, ranar gajiya da ranar fushi."

"Wacce ta fi sauƙi?"

"Ga maiɗakinka ban sani ba, ban gan ta ba. Gare ka kam, tawa ce mai wuya."

Ya fito daga ɗakin da takarda biyu a aljihu ɗaya, ta makin da wadda dattijuwar ta rubuta masa. Ya tura wa matarsa saƙo cewa ya gani, sai ya zo. Bai ƙara komai ba, don bai san yadda zai rubuta sauran ba.

Bas ɗin da suka samu cike yake da masu tashi daga aiki. Wata mata mai kwandon kayan miya ta matsa musu, ya zauna a bakin taga ya ɗora Rediyo a cinya. Ya ƙudurta ba zai tambaye ta komai ba har gida. Tun kafin a bar layin asibitin ya gane wanzami ba ya son jarfa. Tambayoyi suka yi ta taruwa masa a baki: kin gaji, kina jin yunwa, wace anti kika fi so, me ya sa ba ki faɗa mini ba. Ya danne su ɗaya bayan ɗaya, har ya ji gumi a bayan wuyansa.

Aka wuce kasuwa, aka wuce gidan mai, aka hau gada aka sauka. Rediyo ta manna goshi a gilashi ba ta ce uffan ba. Sau ɗaya ta juyo ta dube shi, kamar tana mamakin abin da ya sami bakinsa, ta mai da kai. Tsoro ya fara shigarsa. Wataƙila ya makara. Wataƙila ya yi shirun ne bayan ta riga ta rufe ƙofa, kuma haka za su yi ta zama, shi shiru ita shiru.

Bas ya rage gudu wajen kantin magani mai shuɗiyar ƙofa, inda suke sauka kullum. Tafinta ya yunƙura zai tashi, sai ya ji an kama kwalar rigarsa.

"B-b-baba."

Ya koma ya zauna.

"N... n..."

Ya san abin da za ta ce. Nan za mu sauka, ko makaho ya hango. Kalmomin suna kan harshensa a jere, sakin su kawai ya rage, su sauka lafiya kamar kullum.

"Akwai mai sauka?" in ji kwandasta daga bakin ƙofa.

"N-n-n..."

Matar kwando ta leƙo. "Me take so ne, 'yar albarka? Ruwa? Ina da ruwa a nan."

Ya girgiza mata kai ba tare da ya juya ba. Ya dubi idon 'yarsa. Bai san rabon da ya dube su haka ba, wata takwas ke nan bakinta yake gadi. Haɓarta na rawa a ƙasan ganinsa, bai sauke ido ba.

Kwandasta ya buga jikin mota, bas ya ja. Shuɗiyar ƙofar ta gifta ta taga. Rediyo ta bi ta da kallo, ta zaro ido, ta dawo kan ubanta. Yana nan yana jira, bai motsa ba. Ta haɗiye yawu, ta sake ɗaukar magana daga wani wurin.

"M-m-mun... mun wuce."

Ɗaya, biyu, ya ƙirga. "Mun wuce," ya ce.

Ta ci gaba da duban fuskarsa, ta ɗan karkata kai. Bai san idanunsa sun cika ba sai da ta sa tafin hannunta ta goge masa kunci. Ta buɗe baki, ya ji kansa fayau, wannan karon ba shi da ko zato ɗaya na abin da zai fito.

"K-k-kada ka yi k-kuka, Baba. Ni na s-s-s... na san hanya."

Matar kwando ta juyar da kai ta shiga gyara kayan miyanta, waɗanda ba abin da ya same su.

A tasha ta gaba suka sauka, gaban wani shagon walda da bai taɓa lura da shi ba. Rana ta yi sanyi. Rediyo ta gyara jakarta, ta kama yatsansa manuni da dukan hannunta, ta duba nan ta duba can da muhimmanci. Ta fara ba shi bayani, wai akwai wani kare a hanyar amma ba ya cizo, tana maƙalewa tana ɓallewa tana ci gaba. Sannan ta ja shi suka nufi hagu.

Gidansu yana dama. Ya bi ta.